Kafin Ka Biya Kuɗin Ƙaramar Tantan Ta Hannu, Ga Abin Da Za Ka Duba

Ƙaramar tantan ta farko da na saya, bayan la'asar na je ganinta. Na iske ta a ƙofar gida an wanke ta tas, jan fenti sai ƙyalli yake yi. Mai ita ya sa handul, juyi uku ta kama. Ban ko taɓa jikin injin ba balle in ji yana da ɗumi. Muka yi ciniki na biya, aka ɗora mini ita a a-kori-kura zuwa lambuna da ke kusa da madatsar ruwa ta Sabke. Washegari da sanyin safiya ni da yarana biyu muka yi ta juya handul har kafaɗunmu suka mutu, ko tari ba ta yi ba.

Bakaniken da na kira wani dattijo ne da ya tsufa a gyaran injin niƙa a cikin Daura. Da zuwansa bai kalli komai ba sai tukunyar tace iska. Ya kwance ta, ya zura yatsa cikin bututun da ke shiga inji, ya fito da shi ya goga mini a tafin hannu. Ƙasa ce, mai laushi kamar garin kwalli. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta sha ƙasa ta ƙoshi. Da ɗuminta aka sayar maka." Sai da aka sauke injin aka canza ringi da fistin da layina, wato kayan cikin silinda. Kafin kayan su iso daga Kano a ɗaura, irin albasata ya wuce lokacin dashe.

Tun daga nan na raka mutane da dama sayen irin wannan inji, kuma abin da zan faɗa a nan yawancinsa daga bakin wannan dattijo na koya. Wadda nake nufi ita ce mai ƙafa biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwanta, masu sayarwa na ce mata fawa tila. Ta yawaita yanzu a hannun masu noman rani na Sabke da Daberam da Jibiya da Ajiwa, har Zobe ta wajen Dutsin-Ma, kuma duk abin da ya yawaita, tsohonsa zai shigo kasuwa.

Tun kana gida

Ka fara yanke shawarar girman da kake so kafin dillali ya yanke maka. Idan lambunka ɗan ƙarami ne, ƙasarsa jigawa ce mai taushi, ƙaramar nan mai shan fetur mai ƙarfin doki 6.5 ko 7 za ta yi maka. Idan kuwa laka ce ta fadama wadda ke ƙanƙamewa da rani kamar daɓe, ko kana son jan tirela da buhuna, ko za ka riƙa yi wa mutane kaftu ana biyanka, kada ka sauka ƙasa da mai shan gas mai doki 12.

Lambobin da ke rubuce a jikin injunan Sin suna da ma'ana, kuma saninsu zai hana a ruɗe ka. Idan ka ga S195, ɗayan farko yana nufin silinda ɗaya, 95 kuwa faɗin silindar ne a milimita, ƙarfinsa wajen doki 12. Haka 1100 da 1115: silinda ɗaya, faɗi milimita 100 ko 115, suna ƙara ƙarfi. Wanda ya ƙare da harafin F, kamar 170F na fetur ko 186F na gas, iska ce ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa. Saboda haka idan an liƙa wa inji takardar doki 15 amma ƙarfen jikinsa ya ce 195, ka yarda da ƙarfen.

Sai maganar kayan gyara, wadda a ganina ta fi sunan kamfani muhimmanci. Kubota da Yanmar injuna ne masu ƙarko, ba musu, haka VST Shakti ta Indiya. Amma injunan Sin irin su Changfa da Changchai dangin injin niƙa ne, wanda kusan kowane ƙauye akwai wanda ya iya buɗe shi, kuma ringinsa da nozul da gasket ba sa wuyar samu a Katsina ko Kano. Kafin ka je ganin tantan, ka karɓi lambar injin ta waya, ka shiga wurin masu sayar da kayan inji ka ce a nuna maka ringinsa da nozul da bel da wuƙaƙen kaftu. Ka gan su da idonka. Idan aka ce maka sai an yi oda, ka sani ranar da ta tsaya maka a tsakiyar aiki ma haka za a ce.

Kada kuma ka saya a makon da kake buƙatarta. Mai son shuka alkama a tsakiyar Nuwamba ya nemi tantan tun ana girbin gero, don ya sami sararin dubawa da gyara, ya kuma iya tafiya ya bar wadda ba ta yi masa ba.

Ranar zuwa

Ka je da sassafe, bayan asuba tun hantsi bai ɗaga ba, ka kuma gaya wa mai ita tun da dare kada a tayar. Ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya kuɗin yininsa. Wanda dillali ya kawo yana da rabo a la'ada, ko da mutumin kirki ne. Ka riƙe tocila da farin tsumma da 'yan sifanu da galan ɗin gas naka, don kada a ce babu mai a ciki.

Bayan gaisuwa, abu na farko shi ne ka ɗora bayan hannunka a kan silinda da salansa. Idan ka ji ɗumi, an riga ka. Ba sai an yi rigima ba. Ka ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, gobe war haka zan dawo, a bar mini ita ta kwana." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Inji mai zafi yana ɓoye kusan duk cututtukansa: ƙarfe ya buɗe ya toshe giɓi, gas yana kamawa da sauƙi, hayaƙi ya ragu.

Kafin a tayar

Ka duƙa ka dubi ƙasan inda ta kwana. Ɗigon baƙin mai, ko jiƙar gas, ko wurin da aka watsa sabon yashi aka share, duk labari ne. Ka haska tocila a ƙarƙashin inji da akwatin giya da gindin tayoyi inda ƙarfen ya fito. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba abin tsoro ba ne ga tsohon inji. Mai da ke bin jiki yana ɗiga shi ne matsala.

Sabon fenti ba laifi ba ne, amma ka tambayi kanka abin da ya rufe. Ka bi gangar jikin da yatsa, musamman inda inji ke zaune, da gindin hannuwa, da wurin da ake rataya garma ko tirela. Walda tana da tudu ko an shafe ta da fenti. Walda a kan hannu ko marfi ana zama da ita. Walda a jikin bulok ko akwatin giya kuwa, ka yi sallama ka tafi. Ka dubi kawunan notoci: idan na kan silinda sun sha sifana har sun zama kamar ƙwallo, an buɗe injin ba sau ɗaya ba. Ka tambayi mai ita me aka gyara, ka ga ko amsarsa ta dace da abin da notocin suka faɗa.

Yanzu sai tukunyar tace iska, kuma a nan nake so ka daɗe. A ƙasarmu ba yawan aiki ke kashe waɗannan injuna ba, ƙura ce. Tantan tana kaftu a busasshiyar ƙasa, kanta na cikin ƙurar da ita da kanta ta tayar, ga hazon hunturu a sama. Yawancin masu shan gas suna da tukunya mai ɗan baƙin mai a ƙasanta da ragar waya a sama. Iska tana bi ta cikin man, ƙura ta zauna a nan. Ka ɓalle ƙasan tukunyar. Idan ka iske mai daidai layinsa, ko da ya yi duhu, da ɗan laka a gindi, mai ita yana kula. Idan ta bushe ƙayau, ko lakar ta daskare ta cika ta, ko babu ragar, to inji ya daɗe yana shaƙar ƙasa. Idan kuma ka iske mai sabo fil, tukunyar an wanke ta kamar kwanon amarya, kada ka tsaya nan. Ka kwance bututun da ya tashi daga tukunyar zuwa kan silinda, ka zura yatsa ko farin tsumman nan can ciki. Wurin nan ba a cika tunawa a wanke shi ba. Ya kamata ya fito da tsabta ko da ɗan maiƙo kawai. Idan ka murza ka ji gurus-gurus, wannan ƙasar ta riga ta bi ta kan bawul ta goge ringi da layina kamar sanfefa. Ka duba roba da ƙarfen ɗaurin bututun ma, domin tsaga ɗaya ta isa ƙura ta kewaye tukunyar gaba ɗaya.

Daga nan ka zaro sandar auna baƙin mai ka goga a tsumma. Baƙi ba aibi ba ne, man injin gas da wuri yake yin baƙi. Abin da kake nema uku ne. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa na shiga, ko gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage ko robar layina ta mutu. Idan ya tsinke kamar ruwa yana warin gas, kuma ya haura layi, gas na zuba a ciki. Idan ka murza shi a rana ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, metal, wato shimfiɗar ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kai, na cinyewa. Akwai kuma mai da ya yi kauri fiye da ƙima yana jan zare. Wasu na zuba mai nauyi don ya rufe ƙara da hayaƙi na kwana biyu.

Ka leƙa wurin ruwa. Wasu injunan buɗaɗɗen tanki ne a kansu inda ruwa ke tafasa yana tururi, kuma haka aka yi su, ba lalacewa ba ce. Wasu kuma lagireto ne da fanka. Ka duba ko mai na yawo a saman ruwan. Ka haska tocila ka ga kaurin farin dutsen da ya manne a ciki, wanda ruwan rijiya da na burtsatse ke bari. Idan ya yi kauri, inji ba ya huce zafi yadda ya kamata. A lagireto ka duba ko an toshe wasu layuka da dalma ko gam, da ko fankar na juyawa.

Sai ka kama filawil, babban faifan nan mai nauyi, da hannu biyu. Ka ɗaga shi sama ka sauke, ka ja shi waje ka tura ciki. Sama da ƙasa bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin karanshaf, sandar da filawil ke kai, ya tafi, ko filawil ɗin ya saki a mazauninsa, kuma wannan na biyun haɗari ne ga duk wanda ke tsaye kusa.

Tankin gas ka buɗe ka haska: tsatsa da ruwa a gindi su ne ke kashe famfon da ke tura gas da nozul mai fesa shi.

A tayar

Kai ko bakanikenka za ku tayar, ba mai ita ba, domin shi ya san dabarun da yake lallaɓa ta da su. Ka naɗe hannun riga, babbar riga kuwa a cire ta a ajiye, saboda bel da filawil ba sa sakin abin da suka kama. Riƙon handul kuma babban yatsa yana gefe ɗaya da sauran yatsu, don idan ya mayar kada ya karya shi.

Kafin ka danna ɗan ƙarfen da ke sakin iska, ka juya handul a hankali haka nan. Inji mai lafiya zai kai wani wuri ya tokare ka, har ya so mayar da hannunka baya. Idan ya wuce salin-alin ba tare da ka danna komai ba, ko ka ji iska na tsiyaya fuuu, ƙarfin matsi ya tafi. Bakanike zai sa kunne: idan ta salansa ko ta bututun iska take fita, bawul ne, gyaransa da sauƙi, idan ta wurin zuba baƙin mai take fita, ringi da layina ne. Sannan ka danna ƙarfen, ka buɗe mai, ka juya. Za ka ji wani ɗan ƙara ƙit-ƙit a kowane zagaye na feshi, nozul ke nan yana aiki. Ka ƙara sauri ka saki. Inji mai kyau yana kamawa a gwaji na farko ko na biyu, ko da sanyin Disamba. Duk wanda sai an ɗiga masa fetur ko baƙin mai a bututun iska, ko an kunna tsumma an kara masa wuta, ya gaya maka halinsa.

Da ta kama, idonka na kan salansa. Ɗan baƙin hayaƙi na farko da ke washewa nan da nan ba komai. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai yaji a ido, gas ne bai ƙone ba, ko nozul ko saitin famfo ko rashin matsi. Fari mai kama da tururi wanda ke jiƙa tafin hannu bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Baƙi da ba ya tsayawa alhali ba ta ɗauke da kaya, nozul na zuba ko iska ba ta isa. A cikin waɗannan, na nozul shi ne mai sauƙin kuɗi.

A irin su S195 akwai ɗan gilashi a kan marfin bawul mai jan abu a ciki. Da inji ya tashi jan nan zai ɗago, alamar baƙin mai na zagayawa. Idan bai ɗago ba, a kashe nan take. Ka sake dubansa bayan ta yi zafi an rage wuta, domin a lokacin ne inji da ya gaji ke sakin matsin mai.

Bayan minti goma, ka sassauta marfin wurin zuba baƙin mai, ko ka dubi bututun numfashin inji. Ɗan huci ba laifi. Idan yana busa hayaƙi fuf-fuf yana tofar da mai a hannunka, ringi sun gama. Ka leƙa ruwa kuma tun bai tafasa ba: kumfa da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya daidai da bugun inji alamar gasket ce. Ka ƙara wuta ka rage. Ya kamata ta amsa nan take ta kuma zauna daram a ƙaramar wuta, ba ta riƙa hawa da sauka da kanta ba. Injin gas mai silinda ɗaya dama mai ƙara ne, amma bugu mai nauyi daga can ƙasa, kamar ana dukan turmi, daban yake, kuma bakanike zai gane shi.

Bel, kuloci, giya da wuƙaƙe

A kashe a duba bel. Su kansu ba su da tsada, amma idan sun nutse har gindin fuli suna sheƙi, fulin ne ya cinye, kuma sabon bel ma zai riƙa zamewa. Ka tsaya ta gaba ka daidaita ido ka ga ko fulin inji da na kuloci suna kan layi ɗaya.

A sake tayarwa ka shiga kowace giya. Irin su Dongfeng da Sifang masu doki 12 suna da giya shida ta gaba, biyu ta baya. Ka bi su duka, kada a ce maka "wannan ba a amfani da ita". Giyar da ke fita da kanta in an ɗora kaya, haƙoranta sun cinye, gyaranta sai an tsaga akwati. Kuloci ya kamata ya raba tsaf, giya ta shiga ba tare da gurnani ba. Ka buɗe wurin man giya ka duba shi ma. Wadda ta yi aikin shinkafa a cikin ruwa sau da yawa za ka iske man ya zama kamar kunu.

A ƙarƙashin kowane hannu akwai ɗan maƙulli kamar birkin keke. Idan ka matsa na dama, tayar dama ta saki, tantan ta juya dama. Ka gwada kowanne sau da yawa, ka ga yana saki da wuri yana kuma komawa da wuri. Wanda ke maƙalewa zai iya jefa ka cikin kwalbati. Ga wani abu da duk sabon mai tantan ya kamata ya sani: a gangara, idan kaya na turo ta daga baya, maƙullan nan suna juyewa, ka matsa dama ta tafi hagu. Masu jan tirela su kiyaye.

Sai na'urar kaftu da ke baya. A kashe inji, a ɗaga bayan, ka juya sandar wuƙaƙen da hannu. Idan tana layi kamar tayar keke da ta lanƙwashe, ta daki dutse ko kututture. Ka girgiza ta ka ji boris. Ka duba bakin sil na kowane gefe, inda igiyar leda da ciyawa ke naɗewa su cinye shi mai ya zube. Ka juya gaba da baya ka ji yawan wasan kacar da ke cikin akwatin gefe. Ka ƙirga wuƙaƙen, ka gwada faɗinsu da sabuwa idan ka zo da ita. Yashin jigawa yana siranta su har su koma kamar lauje. Canza su abu ne da aka saba, sai dai ka sa kuɗinsu a lissafi. Mazaunin wuƙa da ya karye aka yi masa walda barkatai shi ya fi damuna, don yana sa na'urar rawa.

Tayoyi ka duba tsagewar rana a gefe da tsawon haƙori. Ka tambayi duk abin da ta zo da shi tun tana sabuwa: ƙafafun ƙarfe, garma, na'urar yin kunya, handul, marfin bel. Sau da yawa suna jingine a zaure, idan ba ka tambaya ba ba za a fito da su ba.

A kai ta gona

Duk abin da ya gabata share fage ne. Ka nemi a kai ta ƙasa mai tauri irin taka, a sa wuƙaƙe su nutse sosai, a yi kaftu na aƙalla rabin awa da gas ɗin da ka zo da shi. Kai ka riƙe ta. A nan kuloci mai zamewa zai fara wari, inji na kuka tantan ba ta ja. A nan giya za ta fita, ruwa ya ƙafe da wuri, hayaƙin da ya ɓuya ya bayyana, mai ya fara tsatsowa daga wuraren da aka goge. Ka lura da ko ƙarfinta na raguwa yayin da take ƙara zafi. Idan kun gama, ka kashe ta, ka jira minti biyar, ka sake tayarwa. Famfon da ya gaji yakan ƙi tashi da zafi. Sannan ka sake zagaya ta da tocila, ka sake zaro sandar mai.

Kada ka sa giyar baya alhali wuƙaƙe na juyawa. Ƙafafunka ne a bayansu.

Idan mai ita ya ce babu wurin gwaji, ko sai ka ba da kuɗi tukuna, ni dai a nan nake tsayawa.

Ƙananan masu shan fetur dubansu bai kai wannan tsawo ba: ka ja igiya a hankali ka ji tana tokarewa, ka cire filogi ka ga ko ya jiƙe da baƙin mai, ka duba soson tace iska da bayansa, ka ga ko tana zama ba tare da cok ba. Injinsu gaba ɗaya ana iya sauya shi da sabo, saboda haka akwatin giyarsu ya fi cancantar a tsaya a kai. Idan kuma ƙaramar mai ƙafa huɗu ce, sai ka ƙara da hadirolik: a rataya mata garma a ɗaga, a kashe inji, ka ga ko za ta riƙe ko za ta sauka a gabanka. Ka duba wasan sitiyari, da birkin kowane gefe, da haƙoran sandar baya da ke juya na'urori. Agogon awannin aiki kada ka dogara da shi; cinyewar fedal da ramukan rataya garma sun fi shi gaskiya.

Takardu da ciniki

Ka nemi rasit ɗin saye na asali, ka gwada lambar da ke ciki da wadda aka buga a jikin bulok. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Ka tambayi yadda ta zo hannunsa. Waɗansu na ƙungiyar manoma ne, waɗansu an karɓe su ne a shirin tallafi ko bashi da ba a gama biya ba, waɗansu kuma na gado ne da ba a raba ba. Duk waɗannan za su iya biyo ka har gona. Ka yi tambaya a unguwar, ka gaida mai unguwa ka shaida masa. Maƙwabta sun san ko tantan ta yi shekara tana haya daga safe har dare a hannun yara, ko mai ita ne kaɗai ke riƙe ta.

Wajen kuɗi, ka san farashin sabuwa irinta a makon da kake ciki, sannan ka sa bakanikenka ya lissafa abin da za a kashe kafin ta shiga aiki: bel, wuƙaƙe, nozul, sil, taya, da kuɗin hannu. Da wannan lissafin za ka yi tayi, abu-abu, a gaban mai ita, ba da kushe kayansa ba. Idan kuɗinta da na gyaranta sun kusa kamo sabuwa, ka ƙara haƙuri ka tara. A yanke maganar la'ada tun farko, a san wanda zai biya. Ka tambayi mai ita kai tsaye a gaban shaidu, "Don Allah akwai wani aibi da ka sani wanda ban gani ba?" Mutane da yawa da ba za su fara faɗa da kansu ba, idan aka tambaye su haka sukan faɗa. Idan ya yarda, ku yi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuta. Takardar ciniki ta ƙunshi lambar inji, da kayan da aka haɗa maka, da kuɗin, da sa hannun shaidu biyu.

Ranar da ta iso gida, kafin ta taɓa ƙasa, ka zubar da baƙin mai da man giya ka zuba sabo, ka wanke tankin gas ka canza matacinsa, ka wanke tukunyar iska da gas ka zuba mata mai daidai layi, ka bi notoci ka ɗaure. Yaron da zai riƙa bin ta kuma ka zaunar da shi ka nuna masa tukunyar nan da hannunka, yadda ake ɓalle ta da inda layin mai yake. Lokacin kaftun rani, kullum da safe zai buɗe ta kafin ya ɗauki handul.